Yadin da Yaya Ta Zaɓa da Bakinta

Shekara bakwai Yaya ta ba ni, amma tun ina aji uku ni nake magana a madadinta. An haife mu a ƙasa mai tsarki, a unguwar Ammariyya, a hawa na biyu na wani tsohon bene mai tagogin katako, inda Baba ya kama haya tun kafin ya ɗauko Umma daga gida. Baba direba ne a wani kamfanin kayan gini da ke unguwar Bagdadiyya. Kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa, mutumin kirki ne, iƙamarmu, takardar izinin zama, ba ta taɓa mutuwa ba. Mu biyu kaɗai Allah ya raya musu, Yaya da ni, shi ya sa kowa a gidan yake ce mini Auta.

Yaya ta zo duniya da jinkirin fahimta. Sai da ta shekara uku ta fara tafiya, magana kuwa ta daɗe ba ta zo ba. An sa ta a makaranta, bayan shekara biyu aka dawo da ita gida. Ta iya wanke-wanke da shara, wajen ninke kaya babu mai kama ƙafarta, kuma ta haddace gajerun surorin da take salla da su. Amma idan aka yi mata tambaya sai ta tsaya, ta kalli ƙasa, leɓenta yana motsi, kalmar tana kan hanya. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin baki. Kafin tata ta iso, na riga na faɗi tawa. Baƙi su tambaye ta lafiyarta, in ce lafiya lau take. Likita ya tambayi inda ke mata ciwo, in nuna masa. Mutane suna yabona, suna cewa Allah ya ba Umma ɗiya mai kula da 'yar'uwarta, ni kuma ina jin daɗin yabon.

Maƙwabtanmu Larabawa suna ce mata miskina, namu mutanen suna ce mata baiwar Allah. Kayan sawarta Umma ce ke saya, ita ce ke ɗinkawa, kuma kullum launi ɗaya ne, ko ruwan ƙasa ko ruwan toka. Umma ta ce shi ne ba ya nuna datti.

Ina da shekara ashirin, Yaya ashirin da bakwai, Umma ta haɗu da wata dattijuwa a layin karɓar magani. Bahaushiyar Sudan ce, ta yi aikin jinya har ta ajiye, kowa Haja yake ce mata. Tana zaune a Aziziyya da ɗiyarta ɗaya mai lalurar galahanga. Hira ta yi musu daɗi, har Haja ta ce wa Umma duk Alhamis bayan la'asar iyaye mata masu 'ya'ya irin nasu suna taruwa a gidanta, ta zo mana.

Haka muka fara zuwa. Baba ya sauke mu, ya dawo ɗaukarmu gab da magariba. Iyaye suna zama a falo, da shayi mai na'ana'a a ƙananan kofunan gilas, suna ba juna labarin likitoci da magunguna da wanda ya yi musu gori. Wata ta yi kuka, wata ta ba da dariya. 'Ya'yan kuwa sai a shigar da su ɗakin ciki, a kunna musu bidiyon katun, a ba su lemo a kofunan roba. Yara ake ce musu, alhali ƙaramarsu sa'ata ce. Su biyar ne. Ni a falo nake zama, ina ba da labarin Yaya kamar wata uwa.

Mun yi kamar wata biyu a haka. Wata Alhamis muna cikin hira sai muka ji ƙarar katun ɗin ta ɗauke, aka kuma turo ƙofar ɗakin aka rufe. Umma ta yunƙura za ta tashi, Haja ta ce ta bar su, babu abin da zai same su. Muka ci gaba da hira, amma kunnen kowa yana wajen ƙofar. Muna jin muryoyi ƙasa-ƙasa.

Can sai ƙofar ta buɗe, ɗiyar Haja ta fito. Gajera ce mai jiki, tana tafiya kamar mai gidan, ba ta jin kunyar kowa. Larabci ya fi zama a bakinta, Hausar kuma tana tsinto ta ɗaya-ɗaya. Ta tsaya a tsakiyar falo ta ce suna da taro, suna neman wadda ta iya rubutu. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta nuna ni.

“Ke. Yalla, zo da biro.”

Na tashi ina dariya, iyayen ma suna dariya. Haja ta miƙo mini wani littafin rubutu na 'yan makaranta. Da na shiga na tarar sun zauna a da'ira a kan kafet, an ajiye mini matashi a gefe, wajen da'irar. Ɗiyar Haja tana riƙe da rimot ɗin talabijin. Ta bayyana mini dokarsu: wadda ke riƙe da rimot ita ce mai magana, babu mai katse ta sai ta ajiye shi da kanta. Ni kuma ba za a ba ni rimot ba. Nawa rubutu ne kawai.

Ita ta fara. Ta ce ta gaji da katun, tun tana ƙarama ake kunna mata kaset ɗin nan, ta san ƙarshensa. Ta ce kuma a daina ce mata miskina, ita ba miskina ba ce, ubanta yana da mota. Na rubuta ina cije leɓe.

Rimot ya koma hannun wata doguwa mai shiru, 'yar Nijar. Iyayenta sun zo umra da ita suka zauna, uwarta tana aikin wanki a gidajen mutane. Ba na jin na taɓa jin muryarta kafin ranar. Ta jujjuya rimot ɗin a hannunta, sannan ta ce tana son shayi. Ba lemo ba, shayi mai zafi, a kofin gilas irin na su Inna. Sauran duk suka gyaɗa kai. Ashe abin ya daɗe yana damunsu.

Sai aka zo kan Yaya. Ta karɓi rimot da hannu biyu, ta kalli ƙasa, leɓenta ya fara motsi. Ni na san abin da za ta ce, ko dai na ɗauka na sani. Yaya tana son zuwa bakin teku, duk Juma'a sai ta tsaya a ƙofa da takalminta. Har na ɗora biro a kan takarda na buɗe baki, ɗiyar Haja ta harare ni, na rufe. Ɗakin ya yi tsit. Babu wadda ta ƙosa a cikinsu. Ɗaya tana wasa da bakin mayafinta, ɗaya tana kallon fanka. Ni kaɗai ce nake jin kamar an ɗaure ni.

“Ba na son ruwan ƙasa,” in ji Yaya. “Ni zan zaɓi kayana.”

Na rubuta. Ba ta ajiye rimot ba. Ta sake yin shiru, wannan ya fi na farko tsawo, sannan ta ɗago ta kalle ni.

“Auta tana cinye mini magana.”

Ba da fushi ta faɗa ba. Ta faɗa ne kamar yadda take cewa ruwa ya ƙare a tulu. Na zauna da biro a hannu. Ɗiyar Haja ta leƙo littafin, duk da ba karatu ta iya ba, ta tambaya ko na rubuta. Na rubuta, da hannuna, Auta tana cinye mini magana.

Da suka gama suka fito falo a jere, aka sa ni na karanta wa iyaye. Wajen katun da motar uban kowa ya yi dariya. Wajen shayi dariyar ta ragu. Haja ta tashi ta shiga kicin ta dawo da kofunan gilas biyar a faranti, ta zuba musu da kanta. Wata uwa ta ce za su ƙone, ko su fasa. Haja ta ce in sun fasa nata ne. Suka zauna suna hurawa suna kurɓa, doguwar nan tana murmushi a cikin kofinta.

Maganar kaya ce ta ɓata wa Umma rai. A mota ta yi ta faɗa wa Baba cewa shekara ashirin da bakwai tana ɗinka wa yarinyar nan sutura, ba ta taɓa barinta da yagagge ba, yau a gaban mutane a ce ba a so. Baba yana tuƙi yana saurare. Da ta gama sai ya kalli Yaya ta madubi ya tambaye ta wane launi take so. Na ji amsa ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye. Mun wuce fitilar hanya biyu kafin Yaya ta ce sai ta gani da idonta. Baba ya ce to, halas, shi ke nan, sai a kai ta ta gani.

Ni ma na yi kwana biyu ina kumbure-kumbure. Ina ganin duk wahalar da na sha a kanta, sakamakon ke nan. Yaya ba ta ma lura ina fushi ba. Ta ninke mini kayana kamar kullum, ta jera a kan gado.

A taron Alhamis ta gaba suka yanke shawarar zuwa kasuwa gaba ɗayansu, su zaɓi yadin Salla kafin azumi ya kama, kasuwa ta cika. Nan matsala ta taso. Uwar doguwar ta ce ɗiyarta ba za ta je ba. Ba su da takarda, kuma a Balad, inda kasuwar take, ana yawan tare mutane a tambayi iƙama. Ita kanta ta bayan layi take bi idan za ta aiki. Babu wanda ya ga laifinta. Su biyar suka koma ɗaki suka rufe ƙofa, rimot ya zagaya har sau biyu. Wata ta ce a fasa, wata ta ce a zaɓo mata. Doguwar ta karɓi rimot ta ce ba ta yarda a zaɓo mata ba. A ƙarshe Yaya ce ta kawo mafita. Ta saba ganin guntayen ƙyalle a ƙarƙashin keken ɗinkin Umma, sai ta ce a yanko mata ƙanana-ƙanana a kawo, ta zaɓa a gida.

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya aro motar abokinsa mai kujeru da yawa. Su huɗu, da Haja, da Umma wadda ta ce ita rakiya kawai ta zo, da ni. Tun a mota ɗiyar Haja ta tuna mini cewa dokar ɗaki tana aiki a kasuwa. Ta ma zo da rimot ɗin a jakarta.

Muka ratsa lungunan Balad, ta gaban masu turare da masu dabino, har shagon wani dattijo ɗan Yaman da Umma ta saba sayen yadi a wurinsa. Ranar ɗansa ne a shagon, magidanci mai fara'a wanda bai san mu ba. Umma da Haja suka tsaya daga bakin ƙofa. Mutumin ya dube mu mu biyar, ya ga ni ce nake gaba, sai ya fuskance ni ya yi mini maraba, ya tambayi abin da muke so.

Na yi shiru.

Ya sake tambaya, ya ɗan ɗaga murya. Na kalli Yaya, Yaya tana kallon ƙasa, leɓenta yana motsi. Mutumin ya matso, ya yi mini nuni da hannu, ya taɓa yadi ya ɗaga gira. Na dafe bakina da mayafi don kada dariya ta kuɓuce. Sai ya girgiza kai cikin tausayi, ya juya wajen Yaya, ya nuna ni da haɓa.

“Miskina. Ba ta magana?”

Ɗiyar Haja ce ta fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki, sauran suka bi. Daga bakin ƙofa na ji Haja tana tari, Umma ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Yaya kaɗai ce ba ta yi dariya ba, don tana kan aikinta. Ta ɗago kai ta ce masa da Larabci, a hankali, kalma bayan kalma:

“Tana magana. Da yawa. Ni ce mai saye. Ina son ruwan lemo.”

Mutumin bai gane abin dariyar ba, amma ɗan kasuwa ne, ya gane wadda zai yi ciniki da ita. Ya sauko da bandir ya warware a gabanta. Ta shafa ta ce a'a. Ya sauko da na biyu, ta kara a hannunta ta ce a'a. Na uku ma haka. Ni da na ɗauka duk abin da aka miƙa wa Yaya karɓa take yi, na tsaya ina kallonta tana mayar da kaya kamar matar attajiri. Sai ta nuna can sama, kusa da silin. Ya hau tsani ya sauko da shi: ruwan lemo mai haske kamar an kunna fitila, da manyan ganyaye kore, kowane ganye ya kai faɗin faranti. Umma ta ce inna lillahi a hankali. Yaya ta rungume bandir ɗin ta ce wannan.

Sauran ukun ma kowa ta zaɓi nata. Ɗiyar Haja ta ɗauki ja mai ƙyalli, ta kuma tsaya ta yi wa mutumin bayanin ƙawarsu da ba ta samu zuwa ba. Ya ɗauko almakashi ya yanko mata ƙyalle har kala bakwai, ya zuba a leda, ya ce kyauta ne. Da za mu fita na yi masa godiya da Larabci mai kyau. Ya bi ni da kallo baki buɗe.

Alhamis ta gaba aka baje ƙyallayen a gaban doguwar. Ta ɗauki kowanne ta duba, ta ajiye. Da ta gama ta ce babu wanda ya yi mata. Aka tambaye ta wanne take so. Ta miƙa hannu ta kama hannun rigar da ke jikin Yaya, tsohuwar rigar nan ruwan ƙasa, ta ce irin wannan, tun ranar da ta fara ganinta take sonta. Da labari ya isa falo, Umma ta gyara zama ta ce a to, ashe dai akwai masu ido. A ranar ta yi alkawarin ita za ta ɗinka mata, kuma ta cika.

Na Yaya ma Umma ce ta ɗinka, tana yi tana mita, wai yadin yana sa mata jiri. Amma na lura ta ɓata lokaci wajen daidaita ganyayen don su haɗu a kafaɗa, har ta yi mata aiki a wuya wanda ba ta taɓa yi wa rigunan baya ba. Ranar Salla muka fita Idi, kowa cikin baƙar abaya, babu mai ganin kwalliyar wani. Yaya ba ta yarda da wannan ba. Duk matar da muka gaisa da ita sai ta ɗan ɗage bakin abayarta ta nuna mata, ta ce ita ta zaɓa. Da yamma a gidan Haja ta cire abayar, ɗakin ya haske. Ta sa rigar nan har ta koɗe, Umma ta mayar da ita rigar matashi.

Ni kuwa koyon shiru ya fi mini komai wuya. Na fara da ƙirga goma a zuciyata duk lokacin da aka tambaye ta wani abu, daga baya na ga goma ba ta isa, na koma karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku. A cikin wannan jiran na san abubuwan da ban sani ba game da matar da muke kwana ɗaki ɗaya. Ashe ba ta son ful, dafaffen waken nan, ci kawai take yi don na ce tana so, ta fi son ta ci gurasar tamis da shayi. Ashe tekun ma ba ruwan take so ba, masarar da ake gasawa a bakin hanya ce take kai ta. Da muka je asibiti likita ya tambaya, na yi shiru, ta ce masa kunnenta na hagu ne, ba haƙori ba kamar yadda na faɗa wa Umma. Aka duba, kunnen ne. Wani lokacin dai bakina yana riga ni. In na yi haka sai ta ɗaga hannu kamar tana riƙe da rimot, in ce yi haƙuri, Yaya.

Taron nasu ya ci gaba, har ya fi na iyaye ƙarfi. Iyaye wata rana su zo, wata rana aiki ya hana su, amma 'ya'yan sai an kawo su, in ba haka ba gida ba zaman lafiya. Labari ya bazu, aka riƙa kawo wasu daga unguwanni, har ɗakin ciki ya yi musu kaɗan, suka karɓe falon, iyaye suka koma ciki. Sun sa an kai su umra a rukuni, kowa ta yi ɗawafinta da ƙafarta. Sun aika ni da takarda wajen wata mai gidan biki da ta gayyaci iyaye ta ce a bar yara a gida, ta zo da kanta ta ba su haƙuri. Biyu daga cikinsu sun fara naɗe turaren wuta a leda ga wata mai sayarwa. Littafin Haja ya cika, aka sayi na biyu.

Shekara uku ina rubuta musu, sai aurena ya tashi, kuma mijin a Madina yake aiki. Na damu ƙwarai da wadda za ta karɓi biro. Na yi ta tunanin 'yan matan da na sani, wace ce mai haƙurin jira. Da na kawo maganar a ƙarshen wani taro, bayan na nemi izini, ɗiyar Haja ta ce kada in damu, sun riga sun gama wannan. Ta jawo wata rikoda daga ƙarƙashin kujera, irin wadda mutanenmu ke ɗaukar saƙo a kaset su aika gida. Doguwar ce aka ɗora wa danna jan maɓalli. Sun gwada ta tun makon da na yi zazzaɓi ban zo ba, sun ga ta yi.

Alhamis ta ƙarshe kafin tafiyata suka yi mini walima a falon, da shayi da sambusa. Suka ba ni kyauta a kwali, wadda suka je kasuwa suka zaɓo ba tare da sun shawarci kowa ba. Agogo ne na roba mai siffar masallaci, kore da ruwan zinari, irin wanda alhazai ke saya tsaraba, mai kiran salla idan lokacin da aka saita ya yi. Yaya ce ta saita shi da hannunta, ta ce kada in taɓa.

Na tafi da shi Madina na ɗora a kan firij. Kullum ƙarfe goma da kwata na safe sai ya kama kiran salla, lokacin da babu wata salla. Maigidana ya yi niyyar gyara shi a makon farko, na ce ya bari sai na tambayi mai shi. Da na buga waya gida Umma ta ba Yaya, na tambaye ta dalilin goma da kwata, na jira. Ta ce lokacin ne take gama ninke kaya ta zauna shan shayi, in na ji sai ni ma in zauna in sha. Na ce to. Na ɗora buta a wuta.